Bindigarka Tana Shan Mai

Shekara goma sha tara na yi ina bin layi a gaban tagar ƙanena don ya ba ni bindigata. Wanda bai yi aikin soja ba zai ce ina abin ɓacin rai a nan. To bari in gaya masa. Ni na goya yaron nan. Ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi, na riga shi shiga soja da shekara huɗu, ni na cike masa takardar neman aikin, don rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa. A filin harbi kuwa Saiti ake ce mini, saboda ban taɓa ɓarar da harsashi ba. Shi fa? Ranar gwajinsu na farko, harsashinsa uku a allon na kusa da shi aka same su. Amma da aka tashi neman wanda zai riƙe ɗakin makamai na barikinmu, sai aka tsallake mu duka, aka ɗauki makulli aka rataya wa Auta a wuya.

Auta muke ce masa a gida, don daga shi Inna ba ta sake haihuwa ba. A bariki Makulli suke kiran sa. Gajere ne, mai sanyin magana, kullum da tsumma a aljihun baya, hannunsa kuma ba ya rabuwa da warin mai ko da ya wanke da sabulu sau uku. Ya yi aure ba hayaniya, ya haifi ’ya’ya mata uku, yana da keke mai karkataccen sirdi da ya ƙi canjawa. Bai taɓa zuwa fagen daga ba. Ni sau uku na je, har yau akwai ɗan guntun ƙarfe a cinyata da ke sanar da ni zuwan ruwan sama.

Dokar barikinmu ita ce, in ba gadi kake ba, ko atisaye za a fita, ba ka yawo da bindiga. Duk suna ɗaki guda a bayan ofishin kwamanda, ɗaki mai ƙofar ƙarfe biyu da taga ɗaya da aka yi wa katako a gaba. Kowane soja yana da ɗan faifan tagulla mai ɗauke da lambar bindigarsa, lamba muke ce masa. Ka miƙa lamba, a ba ka bindiga, a rataye lambar a ƙusar da bindigar ta bari. In ka dawo da ita a ƙirga harsasai, a mayar maka da lambarka. Aikin ke nan, ko makaho zai iya.

Wanda ya riƙe ɗakin kafin Auta, a kan katako ake jefa masa lamba, ko ɗaga kai ba ya yi. Auta na zuwa ya kawo nasa salon. Ya ce shi ba ya ɗaukar lamba a katako, sai a tafin hannu. Ka buɗe hannu da lambar a ciki, ya ɗora nasa a kai kamar mai gaisuwa, ya riƙe, ya dubi idonka, ya ce, “An tashi lafiya? Yaya mutan gida?” Ba ya wuce numfashi biyu ko uku. In ya ji hannun na rawa, ko ya jiƙe da gumi mai sanyi, ko ya ƙanƙame kamar ice, sai ya waiwaya ya leƙa cikin ɗakin, ya ce, “Kash, taka tana shan mai. Dawo bayan abincin rana.” Sai ya aika wa mai tsara gadi a canja mutum.

Kowa ya san babu wani man da take sha. Amma ba wanda aka ci wa fuska, ba a rubuta komai a takarda ba, mutum zai koma ɗaki ya huce. Wani kofur da matarsa ta kwashe kaya ta tafi, kwana tara bindigarsa na shan mai. Wani direba da ya yi faɗa da maƙwabcinsa a kan igiyar shanya, kwana biyu. Har abin ya shiga bakin matan bariki. In miji ya shigo gida yana huci, sai ka ji matarsa ta ce da ’yar’uwarta, “Yau tamu tana shan mai, kwashe yaran.”

Ni abin haushi yake ba ni. Likita ne shi? Boka ne? Mutumin da bai taɓa jin ƙarar harsashi ya wuce kunnensa ba, shi ne zai taɓa hannun maza ya ce wannan ya isa, wannan bai isa ba? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake son sa. Matan bariki in sun gan shi a kan keke har tsayawa suke su gaishe shi. Inna, Allah ya jiƙanta, in na je gaishe ta da lambar yabo a ƙirji, sai ta shafa ta ce, “Madalla. Ina Auta? Yana cin abinci kuwa?” Hatta uwar yarana, wata rana muna cin abinci ta ce, “Wallahi ƙanenka ya hana zawarci da yawa a barikin nan.” Na ture kwanon na tashi, ta bi ni da ido ba ta san laifinta ba.

Ni dai bai taɓa ce wa tawa tana shan mai ba. Kullum zai riƙe hannuna ya ce, “Yaya, an tashi lafiya?” ya miƙo mini da hannu biyu. Ladabin nan ma ciwo yake mini, don da ya yi mini rashin kunya sau ɗaya da na sami abin kamawa.

Ana nan sai labari ya zo daga wani bariki can nesa. Wani mutum ya shigo cikin motar kawo kayan abinci, ya wuce masu gadin ƙofa, ya shiga ɗakin cin abinci ya buɗe wuta. Sojoji shida suka mutu da cokali a hannu. Bindigoginsu na kulle a wani ɗaki, taku ɗari biyu daga inda suka faɗi. Biyu daga cikinsu mun yi horo tare. Barikinmu ya ɗauki zafi, ko’ina ka zauna maganar ke nan: a bar soja ya riƙe makaminsa a cikin bariki don kare kansa, ko a ci gaba da kullewa? Da surutun ya yi yawa, kwamanda ya tara mu a rumfar filin fareti ya ce kowa ya faɗi ra’ayinsa.

Ni na fara miƙewa. Na ce, “Ranka ya daɗe, an yarda da mu mu riƙe bindiga mu tsare ƙasa, amma ba a yarda mu riƙe ta mu tsare kanmu ba? Maƙera ba sa roƙon guduma, tela ba ya bin layi don almakashinsa. In wani ya shigo ta ƙofar can yanzu, me za mu yi? Mu ruga taga mu tsaya a gaishe mu, a tambaye mu mutan gida?” Rumfa ta ɗauki dariya da tafi. Ban dubi inda Auta yake zaune ba, amma na san kowa ya duba.

Zan faɗi gaskiya. Rabin maganar nan daga zuciyata ta fito, har gobe kuma ina tuna mutum shidan nan. Ɗaya rabin kuwa Auta ne. Ina so in ga ranar da makullin wuyansa zai zama ado kawai.

Kwamanda ya ce, “Makulli, kai fa?”

Ya miƙe yana murza tsumman nan nasa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, Yaya ya yi gaskiya, wani zai iya shigowa gobe. A ƙara masu gadi a ɗakin cin abinci, a riƙa binciken motoci. Ni dai abin da na sani, tun da na kama aikin nan, waɗanda suka shigo daga waje don su kashe mu, babu ko ɗaya tukuna. Waɗanda suka zo tagata da hannu mai zafi, arba’in da ɗaya. Duk suna nan da ransu, da waɗanda suka yi fushi da su. Wasu ma suna cikin rumfar nan.” Ya zauna. Ba wanda ya yi tafi, sai wasu da suka shiga kallon takalmansu.

Kwamanda ya raba gardama. Ya ce za a yi gwaji na wata uku: daga sajan zuwa sama, kowa zai rataya ƙaramar bindiga a ƙugu daga safe zuwa yamma. Amma a tagar za a karɓa kowace safiya, a mayar kafin faɗuwar rana. Nasarar tawa rabi ce ke nan, don layin na nan. Duk da haka na ji daɗi. Na sa aka ɗinka mini sabon kube, na riƙa bi ta gaban tagarsa ko ba ni da abin yi a wajen. Kowace safiya in na karɓa sai na gwada matokari, ɗan ƙarfen nan da ke hana kunama motsi, a gaban idonsa, wai ko zan kama shi da sakaci. Kullum ƙam yake, sai ka sa ƙarfin babban yatsa kafin ya ture.

A mako na bakwai, ranar wata Talata da safe, aka liƙa takardar ƙarin girma a allon sanarwa. A lokacin ni da Auta duk sajan ne, igiya uku uku, wanda shi ma da ƙyar na haɗiye shi. Na bi sunaye daga sama zuwa ƙasa sau uku. Babu nawa. Nasa na nan a layi na biyu, an ɗaga shi zuwa samanja. Wato daga wannan watan, in ya shigo wuri ni zan miƙe in ƙame.

Ban san yadda ƙafata ta kai ni taga ba. Ni ne na farko a layi, a bayana akwai mutum goma sha biyu, duk sun karanta allon. Na buɗe hannu da lamba. Ya ɗora nasa. Ni kaina ina jin yadda hannuna ke kaɗawa, lambar har zamewa take saboda gumi. Ya riƙe ya fi na kullum daɗewa. Ya dubi idona, ya dubi layin da ke bayana, ya sake duba na. Na ga leɓensa ya motsa. A raina na ce, faɗa mana, faɗa a gaban mutane, in ga ƙarshen ladabin.

Sai ya ce, “Yaya, an tashi lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau, Samanja.”

Ya sunkuyar da kai. Ya juya ya ɗauko bindigar da harsasanta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Daga nan ɗakin cin abinci na nufa, ba don ina jin yunwa ba. An riga an watse, kuku na can ciki yana wanke tukwane. Ba kowa sai akawun ofis, wani kofur mai bakin tsiya wanda shi ya buga takardar da hannunsa. Yana tsaye gaban babbar butar shayi ya ba ni baya, yana cika kofi. Ta gefen ido ya ga shigowata. Bai ko juyo ba ya ce, “A’a, Sajan Saiti! Sai a fara koyon ƙamewa. Ka ga in ka sara wa ƙanenka da kyau, wataƙila ya sa baki a tuna da kai baɗi.”

Na tuna babban yatsana a kan matokari. Na tuna da ƙarfin da na sa. Sai ƙara. Butar ta huje, tazarar tafin hannu ɗaya daga kunnen akawu, ruwan zafi ya yi tsiri yana zuba a kan tebur. Akawu ya zube ƙasa ya rufe kai yana salati. Ni da ban taɓa kuskure ba, har yau ban sani ba ko butar na nufa. Kafin mutane su cika ɗakin na riga na ajiye bindigar a kan tebur, bakina kuma ya riga ya sami abin faɗa. Na ce cire ta nake yi in ajiye in sha shayi, ta tashi da kanta.

Aka kafa kwamitin bincike, hafsoshi uku. Akawu ya ce shi bai ga komai ba, ya ba da baya. Kuku ya ce ƙara kawai ya ji. Saura bindiga ta yi magana. In matokarinta lafiya yake, ƙarya nake, kuma abin da ke jira na shi ne kotun soja, a tuɓe mini kaki, shekara ashirin da uku su tafi a banza, wataƙila har da gidan yari. Bindigar kuwa, kamar kowace bindiga a barikin, wuri ɗaya ake ajiye ta kafin ranar zama. An sa ta a leda an kai wa Auta.

Ranar zaman ina tsaye a gefe aka kira shi. Ya shigo da sabuwar alamar samanja a hannun riga, ɗinkin ko kwana huɗu bai yi ba. Shugaban kwamiti ya ce, “Kai ka ba da wannan makamin?”

“Ni na ba da, ranka ya daɗe.”

“Lafiya yake lokacin da ka ba da shi?”

“Bai kamata in ba da shi ba ran nan. Na ga alama, na yi shiru. Laifin daga tagata ya fito.”

Shugaban ya zaro bindigar daga leda, ya taɓa matokari da ɗan yatsa. Abin ya faɗa da kansa, lakwas. Ya mayar, ya girgiza bindigar, ya sake faɗawa. Sauran biyun suka gwada, suka kaɗa kai. Ni da na san yadda ƙarfen nan yake ran Talata, sai na dubi hannun Auta. A gefen babban yatsansa akwai sabon ƙurji, irin wanda magagari ke yi wa mai gaggawa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na tuna yarana biyar da ɗakinmu na bariki, na mayar na rufe.

Aka rubuta sakaci. Aka warware masa alamar samanja, aka haɗa da igiya ɗaya, ya koma kofur. Aka karɓi makullin daga wuyansa aka ba wani, shi kuma aka tura shi ɗakin ajiyar barguna da katifu. Kwamanda ya soke gwajin tun wata uku ba su cika ba. Ni aka ja mini kunne kan in riƙa lura, shi ke nan. Sabon mai taga a katako yake karɓar lamba, layi ya riƙa sauri, wasu har suna yabawa. Bayan shekara biyu aka ba ni samanja. Ranar da na fara sa rigar na haɗu da Auta a hanya ɗauke da barguna, ya ajiye su a ƙasa ya ƙame. Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, sai ga shi na kasa haɗa ido da shi, na yi kamar ana kira na a ofis.

Uwar yarana ba ta taɓa tambaya ta ba. Amma tun daga lokacin, duk abin da ta dafa mai daɗi sai ta zuba a kwano ta aika gidan Auta, ba ta kuma neman izinina.

Yanzu duk mun ajiye aiki. Auta ya kafa ’yar rumfa a bakin kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo da mai facin taya, yana yanka makullai yana gyaran kwado. Kekensa na jingine a gefe da karkataccen sirdinsa. Tsofaffin sojoji ba sa wucewa ba su tsaya ba, wasu da jikokinsu, su ce, “Gaishe da baba, ba don shi ba da ba a haife ka ba.” Ni ba wanda ya taɓa kawo mini jika don na iya harbi.

A watan jiya na je wai zan yanka makullin ɗakin ajiya, alhali ina da biyu a gida. Na zauna a bencinsa har masu jira suka watse. Yana ta goga ƙarfe, ni ina ta kallon magagarin. Can na ce, “Auta, ran nan, ka ji hannuna ai.”

Bai daina gogawa ba ya ce, “Na ji, Yaya.”

“To me ya hana ka faɗa? Kalma huɗu ce.”

Ya ajiye magagari, ya goge hannu da tsumma. Ya ce, “Mutum goma sha biyu ne a bayanka. Ga takardar nan a allo. In na ce taka tana shan mai, za a ce tun ba a ɗinka masa ba ya fara taka wansa. Na faɗa wa mutum arba’in da ɗaya, na zo kanka bakina ya ƙi. Kunyarka na ji, saura kaɗan kunyar nan ta kashe akawu.”

Na ce, “Ni na ture matokarin. Da yatsana. Kai ma ka sani.”

“Na sani. Amma wa ya miƙa maka? Abin da na gaya wa kwamiti ba ƙarya ba ce, Yaya. Ƙarfen kawai na gyara don su gane da sauri.”

Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da maganar nan, ina shirya yadda zan sauke ta a gabansa, in ce ni ne, ya yi fushi, ya zage ni ko sau ɗaya, mu zama daidai. Sai ga shi yana faɗa mini da zuciya ɗaya cewa nasa ne. Na ji abin nan ya taso mini a ƙirji, irin na ran Talata, bai rage ko kaɗan ba. Ya sami son Inna, ya sami son bariki, ya sami girman da ya yar don ni, yanzu ko laifin nawa bai bar mini ba.

Ya gama makullin ya hura ƙurar da ke jiki. Na miƙa hannu in karɓa. Ya sa mini shi a tafi, ya ɗora nasa hannun a kai, ya riƙe, ya dubi idona. Numfashi biyu, uku. Sai ya zare makullin a hankali ya jefa cikin aljihun tebur.

Ya ce, “Yaya, naka yana shan mai. Zauna tukuna, bari in sa a kawo mana shayi.”

Na zauna.